DARASI NA TARA: BIN SAWUN HASKE A ZANEN KWAMFUTA

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen raɗa wa baƙin abubuwa suna, wato aro da fassara da faɗaɗa ma'ana da harɗa kalmomi. A wannan darasi za a gwada waɗannan hanyoyi a kan wani fanni guda na kimiyyar kwamfuta, domin a ga ko za su iya ɗaukar nauyinsa. Fannin kuwa shi ne dabarar da kwamfuta take bi ta zana hoton abin da babu shi a zahiri, da haskensa da inuwarsa, har mai kallo ya ɗauka da kyamara aka ɗauko shi. A Ingilishi ana ce da dabarar "ray tracing". A nan za a kira ta bin sawun haske.

Yaran da ɗalibi zai je ya koyar a Funtuwa ko Malumfashi ko Bakori ko Ƙafur suna ganin irin waɗannan hotuna a wayar hannu da gidajen kallo da wasannin kwamfuta. Ba makawa wata rana ɗayansu zai ɗaga hannu ya tambayi yadda ake yin su. Malamin da ba shi da kalmomin amsawa, ko dai ya ce aikin Bature ne a bar shi haka nan, ko kuwa ya koma Turanci ya karanto abin da shi kansa bai gane ba. Duka biyun suna koya wa yaro cewa harshensa iyakarsa bakin gona. Alhali kuwa, kamar yadda za a gani, a gona da zaure da bakin ruwa ne misalan wannan fanni suka fi yawa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana abubuwa huɗu da suke samun haske idan ya sauka a kan wani jiki;
(b) faɗin dalilin da ya sa kwamfuta take fara bin sawu daga ido, ba daga rana ko fitila ba;
(c) jera matakan bin sawun haske da daidaitacciyar Hausa;
(d) auna dacewar kalmomin da aka zaɓa, tare da kawo hujja;
(e) shirya gwajin da 'yan aji za su ga dabarar da idonsu.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Halin Haske

Kafin a fahimci aikin kwamfuta dole ne a san halin abin da take kwaikwayo. Duk wanda ya taɓa shiga zaure ko ɗakin ajiyar hatsi da hantsi a lokacin kaka, sa'ad da ƙurar sussuka ta cika iska, ya ga yadda hasken rana yake shigowa ta 'yar kafar rufi ya sauka ƙasa a miƙe, kamar zaren da aka ja aka ɗaure. Wannan shi ne halinsa na farko: yana tafiya a miƙe muddin bai gamu da wani abu ba. Gudunsa ya kai kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, don haka minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi suke isar sa ya taso daga rana ya iso duniya.

Idan kuwa ya sauka a kan wani jiki, abubuwa huɗu ne suke iya samun sa:

(a) Shanyewa. Baƙar lakar fadama tana shanye mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, kaɗan ne yake komowa, shi ya sa ake ganin ta baƙa.

(b) Watsuwa. Tarin auduga yana mayar da mafi yawan hasken, amma da yake jikinsa ba sumul yake ba, sai ya watsa shi ta kowace fuska. Saboda haka duk inda mutum ya tsaya fari fat zai gan shi.

(c) Dawowa. Madubi, ko ruwan madatsar Mairuwa da sassafe kafin iska ta taso, suna mayar da haske ta fuska ɗaya tak. Gwargwadon karkatar da ya yi wajen sauka, gwargwadon karkatar da zai yi wajen tashi.

(d) Ratsawa da karyewa. Haske yana ratsa ruwa da gilashi, amma gudunsa yana raguwa a cikinsu. A cikin ruwa yana komawa kimanin kashi uku cikin huɗu na gudunsa a iska, wannan ne yake sa ya karkata a daidai inda ya shiga. Shi ya sa gorar da aka tsoma a ruwa take bayyana kamar ta karye.

Launi ma daga nan yake fitowa. Farin hasken rana gamayyar launuka ne. Tattasan da aka shanya yana shanye sauran ya mayar da ja, ganyen masara kuma ya mayar da kore. Yawancin abubuwa suna haɗa biyu ko uku daga cikin halayen nan a lokaci guda.

3.2 Daga Ido Ko Zuwa Ido?

Masana sun daɗe suna muhawara a kan yadda ake gani. Euclid, masanin lissafi na Girkawa wanda ya rayu kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya gina bayaninsa a kan cewa wasu miƙaƙƙun layuka ne suke fita daga ido su taɓo abin da ake kallo. Wanda ya warware wannan ra'ayi da hujjar gwaji shi ne Hasan Ibn al-Haisam, haifaffen Basara a wajejen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira a wajejen 1040. A cikin littafinsa Kitabul Manazir, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya nuna cewa haske ne yake tasowa daga abubuwa ya shiga ido. Daga cikin hanyoyin da ya bi akwai gwajin ɗaki mai duhu, inda hasken fitilun da ke waje yake shigowa ta 'yar kafa ya sauka a bango, kowace fitila da nata gurbin.

Idan haka ne, hanyar da ta dace da gaskiyar halitta ita ce kwamfuta ta fara daga rana ta bi haske har ya shiga ido. Sai dai wannan hanya tana da asara mai yawa, domin daga cikin hasken da yake sauka a gona, ɗan abin da yake shiga idon mutum guda bai taka kara ya karya ba. Sauran duk ya tafi wani wuri.

A ɗauki misalin manomin da ya iske akuya ta yi masa ɓarna a gonar wake. Ba zai tashi da asuba ya bi kowace akuya ta garin daga turkenta don ya ga wadda za ta shiga gonarsa ba. Abin da zai yi shi ne ya tsaya inda aka yi ɓarnar, ya ɗauki sawu, ya bi shi da baya har ƙofar gidan da ta fito. Hanyar da akuya ta bi ta zo ita ce dai hanyar da zai bi ya koma. Haka abin yake ga haske: hanyar da ya bi daga rana zuwa ido, ita ce za a bi daga ido a koma rana. Saboda haka kwamfuta take farawa daga ido, ta bi sawun hasken da ya iso kaɗai. Wato ke nan, ra'ayin Euclid bai dace da yadda ido yake aiki ba, amma ya zama hanya mai sauƙi ta lissafi.

Tun kafin kwamfuta an yi amfani da wannan tunani. A shekarar 1525 wani mai zane Bajamushe, Albrecht Dürer, ya buga hoton wata dabara a littafinsa na koyar da awo: an ɗaura zare a bango a matsayin ido, an ja shi ta cikin wani katako mai siffar taga zuwa jikin wani abin kiɗa mai kama da molo, ana sa alama a takarda a duk inda zaren ya ratsa tagar. Wanda ya fara bayyana yadda kwamfuta za ta yi irin wannan aiki shi ne Arthur Appel na kamfanin IBM a Amurka, a shekarar 1968.

3.3 Matakan Aikin

Hoton da ke fuskar kwamfuta ko waya ba shafe yake kamar fenti ba. An gina shi ne da ƙananan ɗigo-ɗigo jere sahu-sahu, kamar yadda ake gina adon hula da ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Daga nesa ado ake gani, sai an matso ake ganin kowane ɗinki da launinsa. Kowane ɗigo yana samun launinsa daga gauraya ja da kore da shuɗi, kuma a tsarin da aka fi amfani da shi ƙarfin kowannensu yana tsakanin 0 da 255. Aikin kwamfuta gaba ɗaya shi ne ta amsa tambaya guda a kan kowane ɗigo: wane launi ya kamata ya ɗauka?

Kafin ta fara sai an ba ta abubuwa uku, dukkansu da lambobi. Na farko shi ne ido, wato wurin da mai kallo yake tsaye da inda ya fuskanta. Na biyu shi ne raga, wato fuskar hoton, wadda za a ɗauka tamkar ragar taga ce da ke gaban idon, kowace kafa tata ɗigo ɗaya ce. Na uku shi ne fage, wato abubuwan da za a zana da siffarsu da halin jikinsu, da kuma inda rana ko fitila take. Galibi ana gina siffar abubuwa da ƙananan alwatika, wato siffa mai kusurwa uku, domin ita ce mafi sauƙin lissafi. Daga nan sai ta bi waɗannan matakai:

1. Ta harba kibiyar haske daga ido ta cikin kafa ɗaya ta ragar. Kibiyar nan ba wani abu ba ne illa miƙaƙƙen layi na lissafi, mai mafari da alƙibla.
2. Ta binciki abubuwan da ke fagen, ta gano waɗanda kibiyar ta yi karo da su.
3. Ta zaɓi wanda ya fi kusa da ido, domin shi ne ya tare na bayansa.
4. Ta lissafa launin wurin da kibiyar ta soka, bisa halin jikin da hasken da yake samu.
5. Ta rubuta launin a ɗigon, ta koma kafa ta gaba. Idan kibiyar ba ta sami kome ba, sai a ba ɗigon launin sararin sama.

Wani abin lura shi ne, ba sai an koya wa kwamfuta cewa abu na nesa yana ƙanƙancewa ba. Wanda ya tsaya a kan layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda zai ga kamar ƙarafan biyu sun haɗe a can nesa. A bin sawun haske wannan yana fitowa da kansa, domin kibiyoyi suna bajewa yayin da suke nisa da ido, don haka abu na nesa kaɗan ne daga cikinsu suke samun sa.

3.4 Misali da Lissafi

A ƙaddara idon mai kallo yana tsayin mita 1.5 daga ƙasa, an kuma harba kibiya wadda take sauka da mita 0.3 a duk tafiyar mita ɗaya. A gabansa akwai buhun masara a tsaye, tsayinsa mita 1, a nisan mita 3. Tambayar ita ce, me kibiyar za ta fara samu?

Kafin ta kai ƙasa dole ta sauko mita 1.5. Idan aka raba 1.5 da 0.3 za a sami 5, wato za ta taɓa ƙasa a nisan mita 5. A nisan mita 3 kuwa ta sauko mita 0.9, saura mita 0.6 tsakaninta da ƙasa. Tun da tsayin buhun mita 1 ne, kibiyar ta soke shi. An sami karo biyu ke nan, ɗaya a mita 3, ɗaya a mita 5. Na mita 3 ya fi kusa, saboda haka ɗigon zai ɗauki launin buhu. Da za a kawar da buhun, sai ya ɗauki launin ƙasa. Lissafin bai fi ƙarfin ɗan ƙaramar sakandare ba. Abin da kwamfuta ta fi mutum da shi a nan shi ne sauri da rashin gajiya.

3.5 Inuwa da Madubi da Ruwa

A shekarar 1980 Turner Whitted na ɗakunan bincike na Bell a Amurka ya buga maƙalar da ta faɗaɗa dabarar. Ya nuna cewa idan kibiya ta soki abu, ba a nan aikin ya ƙare ba. Daga wurin da ta soka za a iya harba wasu kibiyoyi iri uku.

Ta farko ita ce kibiyar inuwa, wadda ake harbawa daga wurin zuwa rana ko fitila. Idan ta isa ba tare da wani abu ya tare ta ba, wurin yana cikin haske. Idan an tare ta, yana cikin inuwa. Hausawa suna cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Da wannan kibiya za a ga dalili: wanda ya tsaya a gindin giginya da hantsi ya dubi rana, babu abin da ya shiga tsakaninsu, domin ganyen yana can ƙoli. Wanda yake nesa, a ɓangaren da ke baya ga rana, shi ne ganyen ya tare wa ita. Haka kuma, ko wurin yana cikin haske, ƙarfin hasken ya danganta da yadda ya sauka. Wanda ya sauka a tsaye ya fi ƙarfi, wanda ya karkata da digiri 60 daga tsaye kuwa rabin ƙarfin yake bayarwa, domin ya baje a fili ninki biyu. Wannan ne yake sa a gane tulu kewayayye ne a cikin hoto, saboda gefen da ya fuskanci rana ya fi haske, sauran kuma yana dusashewa sannu a hankali.

Ta biyu ita ce kibiyar madubi. Idan jikin mai sheƙi ne, sai a harba sabuwar kibiya ta fuskar da haske zai dawo, a ɗauko launin abin da ta samu a haɗa da na wurin. Ta uku ita ce kibiyar ratsawa, wadda take shiga cikin ruwa ko gilashi a karkace. Ƙa'idar wannan karkata Ibn Sahal ya rubuta ta a Bagadaza a wajejen shekarar 984, sannan Willebrord Snell ya sake gano ta a ƙasar Holan a 1621.

Kowace sabuwar kibiya, idan ta soki wani abu, ita ma tana iya haifar da wasu. Wanda ya zauna a shagon aski tsakanin madubai biyu masu fuskantar juna ya ga yadda siffarsa take maimaituwa ba iyaka. Don kada kwamfuta ta faɗa irin wannan rami, ana yanka mata iyaka, a ce bayan karo kaza ta tsaya.

3.6 Hasken da Ya Zagayo

Dabarar Whitted ta bar giɓi biyu. Na farko, inuwarta tana da kaifin baki kamar an yanka da wuƙa, alhali inuwar gaske bakinta dishi-dishi ne, domin rana tana da faɗi, kuma akwai wuraren da ake hango rabinta kawai. A 1984 Robert Cook da Thomas Porter da Loren Carpenter suka nuna cewa maganin wannan shi ne a harba kibiyoyi da yawa zuwa sassa daban-daban na fitilar, a ɗauki matsakaicin sakamakonsu.

Giɓi na biyu ya fi girma. Da tsakar rana cikin zaure ba ya yin duhu ƙirin, ko da yake rana ba ta shiga kai tsaye. Hasken da ke ciki ya fara sauka ne a ƙasar ƙofar gida, ya watsu zuwa bango, daga bango zuwa rufi, sannan ya iso ido. Haka nan farar rigar wanda ya tsuguna kusa da shanyar tattasai takan ɗauki ɗan ja-ja. A 1986 James Kajiya na Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya ya tsara lissafi guda wanda ya tattaro duk wannan kai-da-komo, ya kuma kawo hanyar warware shi: duk inda kibiya ta soki jiki mai watsa haske, sai a zaɓi wata fuska da ka a ci gaba da bin sawu, a maimaita haka sau da yawa a kan kowane ɗigo.

Wannan ya yi kama da abin da mai sayen hatsi yake yi a kasuwar Dandume. Ba ya zazzage kowane buhu, sai dai ya ɗebi kaɗan a nan, kaɗan a can, ya yanke hukunci a kan kayan duka. Idan ɗibar ta yi kaɗan yana iya kuskure. Haka hoton da aka yi da kibiyoyi kaɗan yake fitowa da tsakuwa-tsakuwa, kuma kafin a rage wannan aibi da rabi sai an ninka yawan kibiyoyin sau huɗu.

3.7 Nauyin Aikin

Fuskar talabijin mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana da ɗigo 2,073,600. Idan aka ba kowanne kibiya 100, hoto ɗaya yana bukatar kibiya 207,360,000, ban da waɗanda za su haifa. Fim kuwa yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa. Ɗaya daga cikin hotunan Whitted, mai ƙwallaye biyu kacal a kan daɓe, ya ci minti 74 a kwamfutar zamaninsa.

Mafi yawan lokacin yana tafiya ne wajen neman abin da kibiya ta soka. Don rage wannan, ana tattara alwatikan da ke kusa da juna a cikin akwati na lissafi, ƙananan akwatuna kuma a cikin manya. Idan kibiya ba ta taɓa babban akwati ba, ba a buɗe na cikinsa. Mai neman wani gida a Malumfashi ba ya ƙwanƙwasa kowace ƙofa a Jihar Katsina: gari yake fara nema, sannan unguwa, sannan layi. Idan ana raba kaya gida biyu a kowane mataki, kimanin mataki 20 ya isa a kai ga abu ɗaya daga cikin miliyan.

Saboda wannan nauyi, masu shirya fim ne suka fara cin moriyar dabarar, domin suna iya jiran hoto ɗaya na sa'o'i. Kamfanin Pixar ya yi amfani da ita wajen fitar da sheƙin jikin motoci a fim ɗinsa Cars na 2006. A 2018 kamfanin Nvidia ya fitar da na'urorin zane masu sashe na musamman don wannan lissafi, a 2020 kuma na'urorin wasa PlayStation 5 da Xbox Series X suka fito da irinsa. Masu tsara gine-gine ma suna amfani da ita su nuna wa mai gida yadda haske zai shiga ɗakunansa tun ba a aza tubali ba.

3.8 Nazarin Kalmomin da Aka Zaɓa

Aikin samar da kalmomin fannu ba sabo ba ne a Hausa. Littafin Hausa Metalanguage, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ya yi wa fannin harshe da adabi irin wannan hidima. Ma'aunin da ake bi shi ne kalma ta dace da ma'ana, ta yi sauƙin furuci, ta kuma karɓi jinsi da jam'i kamar sauran kalmomin harshen. Ga yadda aka auna huɗu daga cikin na wannan darasi:

(a) Bin sawu. Fassara ce da ta zo daidai, har ta fi ta asali fayyace abin da ake yi, domin mai bin sawu a kullum yana zuwa ne bayan mai sawun ya wuce, kuma yana iya bin sa da baya.

(b) Kibiyar haske. An auna kalmomi uku: zare da tsirkiya da kibiya. Zare yana lanƙwasa idan ba a ja shi ba. Tsirkiya a miƙe take, amma bakinta biyu a ɗaure suke, ba ta nufi ko'ina ba. Kibiya kuwa tana da mafari, tana da alƙibla, tana kuma tsayawa a jikin abin da ta fara samu. Rauninta shi ne kibiyar maharbi tana sunkuyawa idan ta yi nisa, don haka wajibi ne malami ya faɗa wa yara cewa ta haske ba ta sunkuyawa. Wannan faɗaɗa ma'ana ce tare da harɗawa.

(c) Ɗigo. Ana iya aro a ce fiksel, bisa yadda Hausa take mayar da "p" ta Ingilishi "f", kamar a fensir da fakiti da kwamfuta. Amma ɗigo sananne ne ga duk yaron da ya riƙe allo ko alƙalami, don haka ya fi saurin shiga.

(d) Inuwa. A nan akwai tarko. Bahaushe yana kiran duhun da bishiya take jefawa inuwa, yana kuma kiran siffarsa da ya gani a ruwa inuwa. A maganar yau da kullum wannan ba ya kawo ruɗani, amma a wannan fanni abubuwa biyu ne masu kishiyantar juna: ɗaya rashin isowar haske ne, ɗaya dawowarsa ce. Shi ya sa aka keɓe inuwa ga na farko, aka ce kibiyar madubi ga na biyu. Kalmar fannu dole ta tsaya a kan ma'ana ɗaya.

3.9 Gwaji a Cikin Aji

Ba a bukatar kwamfuta ko lantarki. A haɗa karan dawa huɗu a yi taga, a ɗaura zare tara a tsaye, tara a kwance, a sami kafa 100. A kafa ƙusa a bango a matsayin ido, a ɗaura mata dogon zare. A tsayar da tagar a gabanta, a ajiye tulu da ƙwarya a bayan tagar, a kunna tocila a gefe. A allo kuma a zana gida 100. Yaro ɗaya zai zura zaren ta kafa ɗaya ya ja shi ya miƙe har ya taɓa wani abu. Na biyu zai ja wani zaren daga wurin da aka taɓa zuwa tocila, ya faɗa ko an tare shi. Na uku zai cika gidan da ke allo da alamar tulu ko ƙwarya ko ƙasa, ya duhunta shi idan yana cikin inuwa. Kafin a cika gidajen, siffar tulu da inuwarsa za su fara bayyana. Daga nan malami ya tambayi yaran tsawon lokacin da za su ɗauka idan kafofin sun kai miliyan biyu.

4.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa bin sawun haske ya ginu ne a kan tunani ɗaya: a tsaya a wurin ido, a bi hanyar da haske ya biyo da baya, ɗigo bayan ɗigo. Inuwa da sheƙi da karyewar gora a ruwa duk suna fitowa ne daga maimaita wannan mataki. An kuma ga cewa da kalmomin gida, da 'yan kaɗan na aro, an iya bayyana fannin tun daga tushe har zuwa lissafinsa. Sharaɗin shi ne malami ya fahimci abin kafin ya raɗa masa suna, ya kuma gwada sunan a bakin yara kafin ya tsayar da shi.

5.0 Jinga

1. Kawo abubuwa huɗu da suke samun haske idan ya sauka a kan jiki, tare da misalin kowanne daga garinku, ban da waɗanda aka kawo a darasi.
2. Yi bayanin dalilin da ya sa ake fara bin sawu daga ido.
3. A misalin da ke 3.4, idan aka matsar da buhun zuwa nisan mita 1, me kibiyar za ta fara samu? Nuna lissafinka.
4. Wasu suna ganin zaren haske ya fi kibiyar haske dacewa. Tattauna.
5. Wace matsala kalmar inuwa take haifarwa a wannan fanni? Kawo wata kalmar Hausa mai irin wannan matsala a fannin lissafi ko kiwon lafiya.
6. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan gwajin da ke 3.9.